Shan hantsi a Jalingo: bargon talaka da iyakar amfaninsa

Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa tsakiyar Fabrairu, Jalingo kan sauya lokacin farkawarta. Garin da mazaunansa suka saba da zafi mai gasa fata a Maris da Afrilu, sai a wayi gari hazo ya lulluɓe shi, duwatsun da ke gefensa sun ɓace wa ido. Titin Hammaruwa ba ya cika sai rana ta ɗaga. Kafin nan, a Sintali da Turaki da Majidadi da Mayo Gwoi, abin da mai wucewa zai tarar shi ne jama'a jere a jikin duk katangar da ta fuskanci gabas. Dattawa na kan tabarma da carbi a hannu, almajirai sun cusa hannuwa cikin riga, masu Keke Napep sun faka a inda haske ya fara sauka. Awaki sun kwanta a gefe, kaji sun baza fukafukai cikin ƙura, kowa da irin nasa zaman.

Bahaushe ya daɗe da raɗa wa wannan zama suna: shan hantsi. Ya ware wa lokacin gaisuwarsa, ya kuma yi masa kirari da "hantsi leƙa gidan kowa", domin shi kaɗai ne baƙon da ba ya tambayar wane ne mai gida kafin ya shiga.

Dalilin sanyin ba ɓoyayye ba ne. Iskar hunturu tana tasowa ne daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar Sahara, wadda kaso mai yawa nata ke fitowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Busasshiyar iska ce, ba ta riƙe zafin da ƙasa ta sha da rana, don haka da dare ya raba sai ɗumin ya tsere sama. Ginin bulo mai rufin kwano, wanda ya maye gurbin ginin ƙasa a yawancin unguwannin garin tun bayan da ya zama hedikwatar Jihar Taraba a 1991, shi ma bai iya adana ɗumi ba. Wanda ya kwana a ɗaki irin wannan da zane ɗaya, zaɓinsa kaɗan ne. Na'urar ɗumama ɗaki sai da wutar lantarki, itace kuma sai da kuɗi. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki kuwa yana fitar da iska mai guba marar wari, wadda kan kashe mutum cikin barci. Hantsi ne kawai ba a saye, ba ya kuma tada gobara.

Abin da mutum ke yi don jin daɗi, ga wasu halittun larura ce ta rayuwa. Jan gwada da ake gani a kan katanga yana ɗaga kai yana saukewa ba ya iya samar da ɗumin jikinsa da kansa kamar ɗan Adam ko akuya. Sai ya shimfiɗa cikinsa a kan dutse ya sha rana kafin gaɓoɓinsa su saki, ya iya cafke ƙwaro ko ya tsere wa shaho. Haka damo, haka guza a bakin rafi. Kadojin tafkin Marmara na Wukari, waɗanda Jukunawa ke girmamawa, kan fito tudu su kwanta, idan zafi ya yi yawa su wangale baki don jiki ya huce. Maciji ma wannan buƙata ce ke fito da shi kan turba ko gindin tarin kara da safe, a daidai lokacin da mata ke fita neman itace. Kwarin Binuwai na cikin yankunan da saran kububuwa ya fi addaba a Najeriya, kuma mutanen Taraba da dama har Kaltungo ta Jihar Gombe ake kai su neman magani.

Ma'aikacin da aka tura Jalingo daga Abuja ya fara ƙorafin sanyi, mutanen Gembu dariya za su yi masa. A tsaunin Mambila, mai tsayin kimanin mita 1,600, rigar sanyi kayan kullum ce, fitowar rana kuwa labari ne da ake yi wa juna albishir da shi.

Inda lamarin ke zama mai nauyi shi ne inda aka ɗauki hantsi a matsayin magani. A gidaje da yawa, idan jariri ya yi kwana biyu ko uku aka ga idonsa da fatarsa sun koma ruwan ɗorawa, shawarar farko da mai jego za ta ji daga manya ita ce a fito da shi ya sha hantsi. Maganar tana da tushe. A 1956, wata ma'aikaciyar jinya mai suna Jean Ward a asibitin Rochford na Ingila ta lura cewa jariran da take fitarwa rana, sashen fatarsu da haske ya taɓa ya fi washewa daga shawara. Daga nan ne likitoci suka gano cewa haske na wargaza sinadarin da ke taruwa a jinin jariri, aka ƙirƙiro fitilar nan mai shuɗin haske da ake kwantar da jarirai a ƙarƙashinta a yau. Ke nan kakar da ta ce a kai yaro rana ba shirme ta faɗa ba.

Sai dai 'yan mintunan hantsi a tsakar gida ba su kai adadin hasken da ake bukata ba. Jaririn da aka tuɓe cikin iskar hunturu sanyi na iya kama shi, wanda aka bari rana ta take kuma jikinsa na iya ƙonewa ko ya bushe. Babbar illar ita ce jinkiri. Kwanakin da aka ɓata ana jiran rana ta yi aiki, cikinsu ne sinadarin kan haura ƙwaƙwalwa, ya bar yaro da kurumta ko shanyewar gaɓoɓi har ƙarshen rayuwarsa, wani ma ya rasu. Yaran Najeriya da dama, musamman maza, ana haifarsu da ƙarancin wani sinadari a jini da ake kira G6PD, kuma kafur ɗin da ake sakawa cikin kayan jarirai na iya farfasa musu ƙwayoyin jini ya tsananta shawarar. Jaririn da shawara ta bayyana masa a ranar farko, ko ta sauko har tafin hannu da ƙafa, ko ya ƙi kama nono, wurinsa asibiti ne a ranar, ba jikin katanga ba.

Akwai kuma batun yaran da ƙafafunsu ke lanƙwashewa. Littattafan likitancin Turai sun danganta wannan cuta da rashin rana, domin fata na haɗa bitamin D ne idan hasken ya taɓa ta. Amma yaya za a yi yaron da ke yini yana wasa a rana ya kamu da ita? Binciken da Dokta Tom Thacher da abokan aikinsa suka yi a Jos, wanda aka wallafa a 1999, ya gwada magani a kan yara 123, ya kuma nuna cewa waɗanda aka ba sinadarin kalsiyam sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka ba bitamin D zalla. Matsalar tana cikin kwanon abinci. Tuwon masara da miya marar madara ko kifi ba ya gina ƙashi, ko da yaro zai kwana a rana. Abin takaici ne a ce haka na faruwa a jihar da shanu suka cika tsaunukanta.

Wanda ya fi fuskantar ƙarancin rana ma wataƙila shi ne mai karanta wannan shafi a ofis. Ya fito gida cikin mota, ya shige ɗaki mai na'urar sanyaya, ya fito bayan la'asar. Gilashin taga na tare nau'in hasken da fata ke amfani da shi, baƙar fata kuma ta fi bukatar daɗewa a rana kafin ta haɗa abin da jiki ke so. Ga zabiya kuwa, lissafin ya juye gaba ɗaya: ranar da wasu ke nema ita ce ke jawo musu ciwon dajin fata, hula mai faɗi da riga mai dogon hannu da man kariya su ne garkuwarsu. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 13 ga Yuni don tunawa da halin da suke ciki.

A batun jarirai, an riga an gwada wata hanya a cikin ƙasar nan. A 2015 aka wallafa sakamakon wani bincike da Dokta Tina Slusher da takwarorinta suka gudanar a Legas kan jarirai 447. Sun kafa rumfa a waje, suka rufe ta da wata leda ta musamman mai tace hasken da ke ƙona fata, ta bar shuɗin haske ya wuce. Jariran da shawararsu ba ta tsananta ba sun samu sauƙi a ƙarƙashin rumfar kwatankwacin waɗanda aka sa a fitilar asibiti. Rumfar ba ta bukatar janareto, amma tana bukatar ma'aikaciyar jinya da za ta riƙa auna zafin jikin jariri sa'a bayan sa'a, da gwajin jini da zai nuna ko shawarar na raguwa. Ga ƙaramin asibitin karkara a Zing ko Karim Lamido, inda hanyar zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jalingo ke da nisa kuma wuta ba ta da tabbas, ledar ba ita ce mai wuyar samu ba. Ma'aikaciyar da abin gwajin ne ke jiran a saka su cikin kasafin kuɗi.