Gadabeji da Burtalan Dakoro: Dajin da ke Bakin Ƙofarmu

A watan Nuwamba na 2018 aka ɗauko raƙuman dawa takwas a mota daga yankin Kure, kusa da Yamai, aka yi tafiyar fiye da kilomita 800 da su zuwa gandun dajin Gadabeji, arewa maso gabas da Dakoro a jihar Maradi. A lokacin, kusan shekara 50 ke nan rabon wannan daji da raƙumin dawa, tun da fari da farauta suka ƙarar da su. A 2022 aka ƙaro mata huɗu, kuma tuni garken ya fara haihuwa. Labarin ya zaga duniya, amma ka shiga ajin 'yan lakwal a Dakoro ka tambayi wanda ya taɓa ganin dabbar nan ido da ido. Da wuya ka ga hannu a sama.

Gandun ba sabo ba ne. Tun 1955, zamanin mulkin Faransa, aka keɓe hekta 76,000 domin namun daji, sannan a 2017 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren da ake kare halittu tare da rayuwar mutanen da ke kewaye. Yau yana cikin gundumar Bermo, wadda aka cire daga Dakoro a 2011. Dalilin kawo raƙuman kuwa hangen nesa ne. Irin na Afirka ta Yamma sun ragu har zuwa 49 a 1996, kafin su farfaɗo su haura 600, kuma kafin wannan jigila dukkansu a yanki guda suke. Annoba ɗaya na iya share su, don haka aka nema musu gida na biyu.

Dajin Gadabeji na mai tafiya a ƙafa ne. Ba duwatsu, ba ƙoramu. Tuddan rairayi ne masu ciyawa, da fadamu inda aduwa da magarya da ƙaya ke haɗa inuwa. Wanda ya ratsa a mota da gudu zai ce ba kowa. Wanda ya fito da asuba ya taka a hankali, shi ne zai karanta ƙasa: tsagaggen kofaton barewa, sawun dila da ya bi bayan ɓera, ramin yanyawa a gindin tudu. Idan ya ɗaga kai ya ga an tsinke ganyen aduwa can sama inda akuya ba ta kaiwa, to mai dogon wuya ne ya yi kalaci a nan.

Su kuwa hanyoyin ƙafa, ba sai an zana sababbi ba. Burtalan da Fulani da Buzaye ke bi da dabbobinsu sun ratsa ƙasar Dakoro daga gonakin kudu, sun tsallaka kwarin Tarka, sun nufi makiyayar arewa. Dokar watan Mayu ta 1961 ce ta shata iyakar noma ta arewa domin a bar wa makiyaya wannan yanki, dokar kiwo ta 2010 kuma ta ƙara tabbatar musu da 'yancin zirga-zirga. A takarda komai daidai. A ƙasa kuwa, manomi kan ci kunya ɗaya ko biyu daga gefen burtali kowace damina, har hanyar da garke ke wucewa a sake ta koma siririya. Daga nan sai ɓarna, sai rigima, sai zaman shari'a gaban mai gari.

Abin da wannan ya shafi Gadabeji a fili yake. Idan burtali ya toshe, makiyaya ta ƙuntata, bisashe ba su da mafaka sai inda ciyawa ta rage, wato cikin gandu. Kare burtali a kudu kare barewa ne a arewa. Haka ma batun gobarar daji: bayan damina ciyawa kan bushe ƙamas, garwashin shayi guda da aka bari ba a kashe ba ya isa ya cinye abincin garkuna da na namun daji a yini ɗaya. Shi ya sa duk shekara ake share layukan tare wuta a yankin.

Mai son zuwa ya zaɓi lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ya fara neman izinin jami'an gandun daji, ya ji bayanin halin tsaro daga bakinsu, ya tafi da ɗan jagora. Ya riƙe ruwa isasshe, ya sa takalmi rufaffe saboda ƙarangiya ba ta raga wa baƙo. Kada ya matsa wa dabba don neman hoto, kuma ledar da ya shiga da ita ya fito da ita.

Saura aikin hukuma. Hukumomin garuruwan Dakoro da Bermo, da shugabannin makarantu, za su iya shirya wa ɗalibai ziyara ko da sau ɗaya ne a shekara, su haɗa su da makiyayan da suka san sunan kowane itace da amfaninsa. Kwamitocin filaye su kafa alamun burtali, su kuma tsaya a kansu. A cikin gari a ware fili mai inuwa tun kafin a yanka ko'ina a sayar. Yaron da ya ga raƙumin dawa da idonsa yana ɗan shekara 12 ba zai yarda a harbe shi ba idan ya girma. Mu kai 'ya'yanmu Gadabeji.