Maganin Sikila na Dala Miliyan 2.2 da Ɗaliban Gyadi-Gyadi

Tun da Birtaniya ta amince da maganin Casgevy a Nuwamban 2023, Amurka ta bi sahu a Disamba, labarin an gano maganin sikila bai daina yawo a wayoyin mutane ba. Wasu iyayen da ke kai 'ya'yansu Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano sun zaci ƙwaya ce da za ta shigo kemis. Wasu kuma, tun cece-kucen masarar TELA a 2024, sun jefa shi kwando ɗaya da irin shukan da ake zargi. Duka biyun an yi kuskure.

A wannan magani, ana ɗebo ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majinyaci, a yi amfani da fasahar CRISPR a datse wurin da ke hana jiki ci gaba da yin irin jinin jarirai, a kashe tsohon ɓargo da magani mai zafi irin na masu ciwon daji, sannan a mayar da su. Makonni ake yi a kwance, kuɗin kuma dala miliyan 2.2 ne. Ba a dasa wa mutum halittar wani abu daban, saɓanin waken SAMPEA 20-T da cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar a 2019, wanda aka ɗauko masa kariyar tsutsa daga bakteriyar ƙasa.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda labarin ya binne. Ana ambaton Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier, masu kyautar Nobel ta 2020 kan CRISPR, kamar daga sama abin ya faɗo musu. Alhali Francisco Mojica ɗalibin digirin digirgir ne a Jami'ar Alicante ta Sifaniya lokacin da ya lura da wasu jerin DNA masu maimaita kansu, waɗanda daga baya aka kira CRISPR, a ƙwayoyin da ke rayuwa a tafkunan gishirin Santa Pola, a farkon shekarun 1990. Ya shafe fiye da shekara goma yana bin su, manyan mujallu suka yi ta watsi da bayaninsa har ya samu fita a 2005. Takardar su Doudna ta 2012 da ta girgiza duniya ma, ɗaya daga cikin biyun da sunansu ke gaba, Krzysztof Chylinski, ɗalibi ne. Kai, ita kanta sikilar, matashin likita mai neman ƙwarewa, Ernest Irons, ne ya fara ganin lanƙwasassun ƙwayoyinta a jinin wani ɗalibi ɗan Girenada a Chicago, kafin maigidansa James Herrick ya wallafa a 1910.

Wasu ƙasashen sun gane wannan rawa da ɗalibai ke takawa. Gasar iGEM, da ta faro a jami'ar MIT a 2003, tana tara ɗaruruwan tawagogin ɗalibai, akasari masu digirin farko, waɗanda ke ƙarar da dogon hutunsu a ɗakin gwaje-gwaje kan matsalar da suka zaɓa da kansu, ba don makin jarrabawa ba, su je Paris su kare aikinsu.

To a nan fa? Ɗalibin da ya hau adaidaita-sahu daga Unguwa Uku, cikin 'yan mintoci yana ƙofar asibitin Malam da ke Gyadi-Gyadi, a ƙasar da ake haifar jarirai kusan 150,000 da sikila kowace shekara. Tashar cibiyar binciken noma ta IITA a Kano tana titin Sabo Bakin Zuwo. Jami'ar Bayero tana da Cibiyar Nazarin Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa. Doka ma ba ta hana ba: hukumar NBMA mai sa ido kan fasahar halittu ta fitar da ƙa'idojin gyaran ƙwayoyin halitta tun 2020, ta riga sauran ƙasashen Afirka. Kuma Kano ta nuna ta iya, domin likitocin nan ne da takwarorinsu na Jami'ar Vanderbilt suka gwada amfani da maganin hydroxyurea wajen kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki.

Amma ɗalibai da yawa a ƙasar nan suna haddace zanen DNA su kammala ba su taɓa tace shi da hannunsu ba, watannin koyon aiki na SIWES kuma su ƙare a cike littafin rahoto. Na san uzurin: wuta, tsadar sinadarai, firijin da ba ya son a ɗauke masa lantarki. Gaskiya ne. Sai dai koyon gyara bakteriya marar cutarwa bai kai kuɗin motar ofis guda ba, kuma asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund na nan. Shugabannin sassa su buɗe ɗakunan gwaje-gwaje lokacin hutu, su ɗauki ko da mutum goma, da malami mai sa ido da izinin kwamitin ɗa'a, don kada a haifi wani He Jiankui, ɗan Sin da aka ɗaure shekara uku saboda gyara halittar jarirai a 2018.

Ba lallai a fara da sikila ba. A Jami'ar Kenyatta ta Kenya, Farfesa Steven Runo da ɗalibansa suna gyara dawa da CRISPR don ta jure ƙuduji, ciyawar da ke cinye gonakin dawa da gero a Kano da Katsina da Maraɗi kowace damina.