Tsoka, Ƙiba da Ciwon Sukari: Tsakanin Gaskiya da Jita-jita

Idan ana zancen ciwon sukari, ba kasafai ake tuna tsoka ba, alhali ita ce ke kwashe kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na sukarin da insulin ke fitarwa daga jini. Rashin sanin hakan ya haifar da maganganu da dama da ya kamata a tace.

"Mai ciwon sukari ya zauna ya huta, motsa jiki zai ƙara masa ciwo." Wannan ba gaskiya ba ne. Ƙwayoyin tsoka na da wasu ƙofofi da masana ke kira GLUT4, ta nan sukari ke shiga. Insulin yana buɗe su, amma motsin tsoka ma yana buɗe su, ko da jiki ya daina jin insulin sosai. Amfanin yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu, shi ya sa likitoci ba sa son a tsallake fiye da kwana biyu a jere.

"Ƙiba na hana tsoka jin insulin." Gaskiya ne. Idan kitse ya yi yawa, musamman a tumbi, yakan taru cikin tsoka da hanta, ya dagula saƙon insulin, sai sukari ya maƙale a jini. Sai dai siriri ma yana kamuwa, don haka kowa ya je a gwada shi.

"Gumi kitse ne ke narkewa." Ƙarya ce. Gumi ruwa ne da gishiri, kuma nauyin da ya tafi da shi yana dawowa da zarar an sha ruwa. Haka nan kitse ba ya rikiɗewa ya zama tsoka, kowanne halittarsa daban.

"Sai an rame sosai ake ganin amfani." A'a. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002 ya nuna cewa shirin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyi, tare da motsa jiki na minti 150 a mako, ya rage kamuwa da ciwon da kashi 58 cikin ɗari a tsakanin masu haɗarin kamuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ma minti 150 ɗin ta ba da shawara, tare da atisayen ƙarfafa tsoka sau biyu a mako. Tafiya da sauri ta isa a fara da ita. Mai allurar insulin ko mai shan glibenclamide kuwa ya fara tuntuɓar likitansa, ya riƙe dabino a aljihu domin sukari na iya faɗuwa, ya kuma duba ƙafafunsa bayan kowace tafiya.