Shingen Hanya da Amanar Talakan Gobir

Direban da ke bin hanyar Sakkwato zuwa Sabon Birni ta Goronyo abu biyu yake fargaba: ɗan bindigar da ke laɓe a daji, da hannun da za a miƙo masa a shinge. Na farkon ya fi muni nesa ba kusa ba, amma na biyun ne yake cin karo da shi kullum, kuma da shi yake auna hukuma.

A kan wannan hanya aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a watan Yulin 2024, aka kuma kashe shi a watan Agusta. Kafin nan, a Disambar 2021, an ƙona matafiya cikin mota a kusa da Gidan Bawa, tsakanin Sabon Birni da Isa. Irin wannan ta'asa ba ta aukuwa ba tare da wani ya ga gilmawar babura ba. Manomi yana gani, makiyayi yana gani, mai sayar da fetur a galan ma ya san wanda ya saye masa kaya fiye da kima. To, wa za su gaya wa?

A nan ne halin ɗan sanda na yau da kullum yake zama maganar rai da mutuwa. Mutumin da aka ƙwace masa kuɗin kabu-kabu da safe ba zai kai wa jami'in rahoton sirri da yamma ba, domin ya riga ya ɗauka cewa wanda ya karɓi ɗari biyu zai iya sayar da sunansa. Haka wanda aka tsare ƙanensa a madadin ɗansa, alhali Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta haramta kama wani a maimakon wanda ake zargi. Shi kuwa "beli kyauta ne", a bangon caji ofis aka fi ganin sa.

Adalci ne a faɗi cewa jami'an da aka turo wannan iyaka ba su da yawa, makamansu ba su kai na yaran Bello Turji ba, kuma su ma sun binne abokan aikinsu. Sai dai ƙarancin harsashi ba ya hana sakin fuska.

Tun 2015 rundunar ta buɗe sashen karɓar ƙorafe-ƙorafen jama'a, amma ta waya da intanet ya fi aiki. Ƙauyen da ake hawa tudu kafin a samu sabis, wani lokaci ma na Nijar, bai san da zamansa ba. Ya kamata Kwamishinan 'Yan Sandan Sakkwato ya umarci kowane DPO na Isa da Sabon Birni ya riƙa zama da hakimai, shugabannin direbobi da 'yan kasuwa duk wata, a saurari koke a bainar jama'a, a kuma dawo da sakamakon binciken a zama na gaba.