Masu Raba Ƙashi da Dutse

A gidan tarihi na Peabody da ke Jami'ar Yale a Amurka akwai ƙasusuwan wani ƙaton kunkurun teku mai suna Archelon. George Wieland ne ya tono shi a 1895 kusa da kogin Cheyenne a jihar Dakota ta Kudu, ya raɗa masa suna a 1896. Irin wannan kunkuru ya rayu wajen shekaru miliyan 75 da suka wuce, lokacin da teku ya ratsa tsakiyar nahiyar Amurka ta Arewa ya raba ta gida biyu. Mafi girman da aka samu yana birnin Biyana na Ostiriya, tsawonsa ya haura mita 4.

Sunan mai bincike ake rubutawa a allo. Amma tsakanin rami da zauren baje koli akwai wani ma'aikaci da ba a cika ambata ba, mai raba ƙashi da dutse, kuma a ganina shi ne ya fi shan wahalar.

Aikinsa daga fili yake farawa. Ba ya ciro ƙashi, domin da ya ɗaga shi sai ya marmashe. Haƙa yake yi kewaye da shi, ya rufe shi da jiƙaƙƙiyar takarda, ya tsoma tsummokaran buhu a ruwan filasta ya naɗe, kamar yadda maɗori ke ɗaure karaya. In ya bushe, a taru a kifar da dunƙulen, a naɗe ƙasansa, a loda a mota.

A ɗakin aiki ake gane gwani. Yana zaune, ido a madubin ƙara girma, hannu riƙe da wani ƙaramin kurfi da iska ke girgizawa. Yana ɓantarar dutsen ƙwaya-ƙwaya, yana sharewa da buroshi. Sau da yawa launin ƙashi da na dutse kusan ɗaya ne, sai dai kunne da yatsu su gaya masa ya iso, domin ƙarar kan sauya. A nan zai ajiye na'ura ya ɗauki allura. Gam ɗin da yake liƙi da shi ma zaɓaɓɓe ne, wanda za a iya narkarwa, saboda wanda zai zo bayansa ya iya warware aikin in ilimi ya ƙaru. Ƙashi guda kan ci watanni. Haka aka yi wa ƙasusuwan da aka tono a Gadufawa ta Nijar kafin su tsaya da ƙafafunsu.

Archelon kuwa ya fi ba da wuya, domin bayansa ba ƙoƙo ba ne dunƙulalle. Haƙarƙari ne a shimfiɗe, da giɓi a tsakaninsu, masana na ganin fata mai kauri ce ta lulluɓe su. Ƙasusuwan cikinsa faffaɗa ne masu tsinkaye da yawa ta kowane gefe, ga nauyin ƙasa ya danne su. Kowane tsinke sai an bi shi har ƙarshe.

Abin da ya fi burge ni a sana'ar shi ne riƙon amana. In mai aiki ya cike giɓi da filasta, dole ya rubuta, ya kuma bar alamar da za a gane. Giɓin ma yana da nasa labarin: kunkurun Yale ba shi da ƙarshen ƙafar iyo ta baya ta dama. Da aka tsaftace dungun sai aka ga ƙashin ya tsumbure, alamar tun yana ƙarami ya rasa ta, ya warke, ya ci gaba da iyo har ya manyanta.