Ƙwaƙwalwar Mawaƙi da Fitilun Dandali

A shekarar 1965, Alvin Lucier, mai tsara kiɗa ɗan Amurka, ya manna wayoyi a kansa, ya sa lantarkin ƙwaƙwalwarsa ya girgiza ganguna. Da irin wannan dabara ake gwada sarrafa fitilun dandali a yau: na'urar EEG tana ɗaukar igiyoyin alfa, masu kaɗawa sau 8 zuwa 13 a daƙiƙa, kwamfuta kuma ta mai da ƙarfinsu launi ko haske.

Sai dai igiyoyin alfa suna ƙarfafa ne idan ido yana rufe, su raunana da an buɗe shi. Ke nan fitilar da ƙwaƙwalwa ta kunna ita ke komowa ta sauya ƙwaƙwalwar. Babban cikas, a ganina, shi ne muƙamuƙin mawaƙin, domin lantarkin tsokarsa kan danne saƙon da ake nema.