Tabkin Tabalak: Kifin da ake ci amma ba ya shiga littafi

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Tawa zuwa Agadas ya san Tabalak. Nan ne mota kan tsaya mata su yo ca da farantan soyayyen kifi, a yankin da baƙo zai rantse babu abin da ke cikinsa sai duwatsu da ƙaya. Garin yana gundumar Abalak, kimanin kilomita 50 arewa maso gabas da birnin Tawa, kuma tabkinsa na shimfiɗe ne a gefen kwalta.

Tabkin ba daɗaɗɗe ba ne. A shekarun 1950 ne ruwan ƙoramu ya ɓalle ya cika kwarin, wurin ya koma ruwa mai kai wa wata damina. Haka labarin tabkin Ɗan Dutsi yake a yammacin jihar, wanda ya zauna daram bayan mamakon ruwan 1974. A 2005 aka sanya su biyun cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci a duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, wadda Nijar ta shiga a 1987.

Gaiwa da tarwaɗa 'yan gida ne a irin waɗannan ruwaye. Karfasa da giwan ruwa kuwa kawo su aka yi aka zuba. A kan waɗannan kifaye ne masunta da mata masu suya da masu banda da dillalai da direbobi suke cin abinci. A jihar da ta yi suna wajen tura samarinta ci-rani Abijan da Libiya da Aljeriya da Najeriya, duk sana'ar da ke riƙe saurayi a gida ba ƙaramar aba ba ce.

Sai dai akwai tambayoyin da makomar wannan sana'a ta rataya a kansu. Kilo nawa ke fita daga ruwan a shekara? Masunta nawa ne ke shiga? Karfasar bana ta kai girman ta shekara biyar da suka wuce? Amsoshin ba a cikin ruwa suke ba, suna cikin littafin wanda aka ɗora wa awo a bakin gaɓa.

Daga sikeli zuwa Yamai

A tsarin Nijar, kula da kamun kifi aikin jami'an gandun daji da ruwaye ne, ƙarƙashin ma'aikatar muhalli. Alƙaluma kan taso daga bakin ruwa zuwa ofishin gunduma, su wuce ofishin jiha a Tawa, sannan hukumar kamun kifi da kiwonsa a Yamai, wadda ke miƙa jimillar ƙasa ga Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO. Idan matakin farko ya gurgunce, duk sauran sun hau kan ƙarya ba tare da sun sani ba.

Kuma matakin farkon shi ne mafi wuya a duk inda ake su a ruwan daɗi. Masunci ba ya fitowa ta mashiga ɗaya, ba ya fitowa a lokaci ɗaya. Kifin da ya kai gida aka yi miya ba ya hawa sikeli. Wanda aka ba yaron jirgi ladan aikinsa, da wanda aka banda aka cusa a kwali aka nufi iyaka da shi, su ma haka.

Wannan ba ciwon Nijar kaɗai ba ne. Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya bi ta bayan gida: maimakon tambayar abin da aka kama, sai ya duba abin da iyalai suka ce sun ci a ƙasashe 42 masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. Ya gano kifin ruwan daɗi da ake kamawa ya zarce abin da gwamnatoci ke bayarwa da kusan kashi 65 cikin 100. A 2023 kuma rahoton da FAO ta fitar tare da abokan aikinta ya ce ƙananan masunta ne ke samar da aƙalla kashi 40 cikin 100 na kifin da ake kamawa a duniya, wato tan miliyan 37 a shekara.

Illar a fili take. Mai rabon kasafi a Yamai takarda yake gani. Tabkin da takarda ta nuna kifinsa kaɗan ne, shi ne na ƙarshe a layin yasa da zuba 'ya'yan kifi da gina ɗakin sanyi.

Jimilla kaɗai ba ta isa

Ko an auna komai, jimillar kilo tana iya ruɗin mutum. A ɗauki misali: masunta 100 sun kama tan 10 a wata. Baɗi masunta sun zama 200, an sake kama tan 10. A takarda babu abin da ya sauya, alhali rabon kowane mutum ya ragu da rabi, kuma ruwan na shan matsi ninki biyu. Shi ya sa masana ke cewa a rubuta kamu tare da wahalar da aka sha: mutum nawa, kalli nawa, birgi ko mamari, dare nawa.

Sai tsawon kifi. Karfasa na da wata ɗabi'a: idan ruwa ya yi mata kaɗan ko aka kwashe manyanta, takan fara haihuwa tun tana ƙarama, tabki ya cika da 'yan mitsi-mitsi marasa daraja a kasuwa. Giwan ruwa kuwa ba ya jure ruwa mai ƙarancin iska, shi ne kan fara galabaita idan ruwa ya ja baya ya yi zafi. Katako mai zanen santimita a gefen sikeli zai nuna waɗannan alamu tun kafin masunci ya ji a aljihunsa.

Tsohuwar dokar kamun kifi ta 7 ga Disamba 1998 ta wajabta takardar izini, ta kuma haramta guba da nakiya da ragar da idonta bai kai yatsa uku ba. A nan wata matsala ke ɓuya. Idan mai kakin da ke karɓar kuɗin izini yana ƙwace haramtacciyar raga shi ne kuma ke tambaya "kilo nawa ka kama yau", ba sai an yi duba ba kafin a san irin amsar da zai samu. Ba laifin jami'in ba ne, kuma ba laifin masuncin ba ne. Aiki biyu ne da ba sa zama a hannu ɗaya.

Abin da 'yan tsibirai suka yi da lissafi

Can a tekun Fasifik akwai ƙasashen da suka mai da ƙidayar kifi hanyar arziki. Fiye da rabin kifin tuna na duniya, wanda ake gani cikin gwangwani a kantunan Tawa da Kano, daga yammaci da tsakiyar wannan teku yake fitowa. Shekaru da dama manyan jiragen ƙasashen waje na kwasa suna biyan abin da bai taka kara ya karya ba.

Ƙasashe takwas da suka haɗa da Kiribati da Tubalu da Nauru da Papuwa Niyu Gini, mambobin yarjejeniyar Nauru ta 1982, sun sauya salo a ƙarshen 2007. Suka ƙayyade yawan ranakun da za a yi su a ruwansu, suka koma sayar da rana ɗaya-ɗaya. Daga 2015 mafi ƙarancin farashin rana ɗaya ga jirgin waje ya zama dala 8,000. Kuɗin da suke samu ya tashi daga kimanin dala miliyan 60 a 2010 zuwa kusan miliyan 500 a shekara.

Ba za a iya sayar da rana ba sai an iya ƙirga ta. Kowane jirgi na ɗauke da na'urar da tauraron ɗan'adam ke bibiya. Tun 2010 aka wajabta wa manyan jiragen raga ɗaukar mai sa ido da ke rubuta abin da aka kama. Abin lura shi ne ba a yarda da bakin mutum ɗaya. Idan mai sa ido ya sauka, wani na sama da shi kan zaunar da shi su bi takardunsa shafi-shafi, sannan a gwama da littafin kyaftin da bayanan tauraro da awon tashar jirgi. Aikin ba wasa ba ne: a Maris 2020 an tsinci gawar wani mai sa ido ɗan Kiribati a cikin jirgin da yake aiki.

Ba su manta da ƙananan masunta ba. A 2016 ƙungiyar ƙasashen yankin, SPC, ta fito da manhajar waya mai suna Tails, wadda ma'aikaci ke tsayawa da ita a bakin gaɓa ya shigar da kamun kwale-kwale ko babu intanet, ya aika daga baya.

Tabalak ba teku ba ce

Babu jirgin Taiwan a Tabalak, babu kuma miliyoyin daloli. Abokan gabar tabkin su ne yashin da ƙoramu ke kwasowa daga tuddan da suka rasa itatuwa, da zafin rana, da injinan ban-ruwa na lambunan albasa da tumatir, da garken da ke sha. Dukkansu masu haƙƙi ne, ban da yashin. Aikin raya karkara na Keita da aka fara a 1984 da tallafin Italiya ya nuna ana iya tare zaizayar ƙasa a Adar, amma mai neman kuɗin irin wannan aiki sai ya nuna abin da za a yi asara idan ba a yi ba.

Abin da za a iya ara daga 'yan tsibirai mai araha ne. A raba mai awo da mai kame. A ɗauki samarin garin da suka yi makaranta, waɗanda ƙungiyar masunta ta yarda da su, su tsaya a mashigai a wasu zaɓaɓɓun ranaku da sikeli da katakon awo da waya. A samu wani a Tawa da zai riƙa gwama alƙalumansu da abin da mata masu suya suka saya da abin da direbobi suka ɗauka. A kuma maido wa masunta sakamakon da Hausa da Tamashek, su ga amfanin gaskiyar da suka faɗa. Ƙidayar da ƙungiyar UEMOA ta yi wa masuntan ruwan daɗi a ƙasashenta a 2012 ta ba da harsashi, sai dai hoton shekara ɗaya ne, ruwa kuwa kullum sauyawa yake.

Daga Afrilu zuwa Yuni ne ruwan ke ja baya sosai. Kifi kan taru a ɗan abin da ya rage, raga ta cika cikin sauƙi, mai kallo daga kan kwalta ya ɗauka shekarar albarka ce. A wannan lokacin ne ake kwashe iyayen da za su hayayyafa da damina, gaiwa kuma ta nutse cikin laka ta jira ruwan farko.